Daddawar Inna a Waya

Dogon Dutsi, 12 ga Nuwamba, 2023

Zuwa ga Yasir, ɓarawon ƙanzo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da karatunka. Mu nan kowa lafiya. Maigidana Halilu yana gaishe ka, yana can shago tun safe. Ɗiyata Amira ta yi haƙora biyu, ta kuma fara gwada su a jikina. Ranar Talata na je Ɗan Kassari, na iske kakata Inna Marwa garau, sai dai ƙafar nan tata ta hagu. Ta tambaye ni ko jikan ƙanenta na Yamai yana cin abinci, ko har yanzu ordinatar, kwamfutar nan tasa, yake lasa.

Ka ga takarda ka yi mamaki ko? Ba laifina ba ne, daddawa ce ba ta shiga waya. Ga ƙulli nan na ba Mani direba ya kawo maka, daddawar batso ce ta 'ya'yan yakuwar bana, ni da Inna muka yi ta. Na ce masa ya ajiye ta nesa da fasinja, don bara wata 'yar birni ta ce sai dai a sauke ta ko a sauke ƙullin.

Abin da ya sa na aiko, hoton nan ne da ka saka a grup ɗin gida ranar Juma'a. Yasir, don Allah, mene ne wannan? Ka rubuta a ƙasa wai "miyar kuka". Na nuna wa Sa'adatu maƙwabciyata, ta ce ita dai ta ga ruwan da aka wanke tukunya. Da na faɗa a grup sai ka hau ni da dogon bayani, wai girki da code abu guda ne, mataki bayan mataki, duk wanda ya iya rubuta wa na'ura umarni ya iya miya. To ga zahiri mun gani. Kai da ka ce ɗigo ɗaya in ka manta shi aikin sati ya lalace, ya aka yi ka manta gishiri, ka manta daddawa, ka manta ita kukar kanta?

Kada ka ce na zage ka a gaban jama'a. Kakanka da kakata ciki ɗaya suka fito, shi namiji ita mace, don haka ko a tsakiyar kasuwa na kwance maka zane babu mai kai ni gaban mai gari. Wasan taubasai ne, mun gada.

Ka jefa curi ɗaya a tukunya, ɗaya tak, ba biyar ba. In ka ci ka rubuto da hannunka, in ga ko yatsun nan sun tuna yadda ake riƙe biro.

Taubashiyarka,
Ladidi


Yamai, 20 ga Nuwamba, 2023

Zuwa ga Madam Shugabar Murhu,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, ya ma riga Mani isowa, don tun daga bakin tasha na ji shi. Ina lafiya lau, sai jarrabawa da ta sa mu gaba. A gaishe da Halilu, a cije Amira a madadina. Ki ce wa Inna na ji, zan ci abinci.

Ladidi, ba zan ɓoye miki ba, da na sa curin nan a miya sai da na ajiye cokali. Ɗakina ya koma tsakar gidan Inna. Khalid, abokin zamana, ɗan Agadas ne, bai taɓa cin ta batso ba. Da farko ya buɗe taga yana salati, daga baya shi ya suɗe tukunyar.

Amma maganata tana nan, ban janye ba. Girki algoritim ne, wato jerin umarni. In ruwa ya tafasa, zuba kaza. In bai tafasa ba, jira. Bambancinmu da ku, mu muna rubuta namu, ku kuna cewa "ɗan kaɗan" da "sai ya yi". Sai ya yi me? Wa zai gaya wa ɗan makaranta a Yamai cewa ya yi?

Shi ya sa na ɗauki wannan a matsayin proje, aikin makaranta na bana. Ina gina wata 'yar manhaja ta waya, ta girkin gida, don irina da suka bar gida ba su iya kome ba sai dafa taliya. Na saka dambun zogale, na saka fura, na saka miyar kuka (gyararriya, ki daina dariya). Abin da na rasa shi ne daddawa. Na tambayi mata uku a nan, kowa da abin da take faɗa, kuma babu wadda tata ta kama ƙafar ta Inna.

Ki yi mini vokal, wato saƙon murya, ki faɗa mini yadda kuke yi tun daga tsince gurguzu, 'ya'yan yakuwar, har shanya. Ki faɗa da bakinki, don in kika rubuta za ki ce "ɗan kaɗan". In na kasa mayar da shi code, na yarda ki kira ni ɓarawon ƙanzo a gaban matar da zan aura.

Kin ga na iya riƙe biro. Hannuna ya yi tsami, amma na iya.

Ubangidanki,
Yasir


Dogon Dutsi, 2 ga Disamba, 2023

Yasir,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai Amira da ta ɗan yi zazzaɓi, ya sauka. Wai ubangida! Ubangidan da ake ciyarwa ta tasha.

Ka ji vokal ɗin dai? Minti tara cur, sai da wayata ta yi zafi. Na jero maka su kamar yadda ka ce. A tsince 'ya'yan yakuwa, a wanke, a dafa yini guda, a rufe a tukunya, a daka da ruwan toka, a sake rufewa. Ka ga shida ke nan. Amma na bakwan ne ya kusa kashe ni da dariya, ka ji yadda na shaƙe? Wallahi ban san na iya muryar Inna haka ba. Tun ina 'yar shekara shida nake bin ta zuwa gindin gawon nan na bayan gida, ta tsuguna da damƙar farko ta daddawar a hannu, ta ajiye ta ce, "Ga naku, masu wuri. Ku ci, ku bar mini nawa." Sai ta tashi ta karkaɗe zane ta tafi ta yi alwala, kamar ba ita ba. Na taɓa tambayarta su waye masu wurin, ta ce in girma tukuna. Yanzu ina da ɗiya, har yau ban girma ba.

Halilu ya taɓa ganin ta tana yi sau ɗaya, shekarar aurenmu. Ka san shi da aƙida, amma bai ce mata uffan ba. Ni ya ce wa abin ba daidai ba ne, yana yi mata addu'a, kuma tsohuwa ba a gyara ta a gaban jikokinta.

To malamin code, ga jarrabawarka. Ina za ka saka gawo a cikin algoritim? Kuma na'urar taka tana da hancin da za ta san kwana uku sun cika? In ta iya yin daddawa da abin da na gaya maka, ka kai wa duniya duka, har Faransa, su ma su buɗe taga.

Mani yana ta danna oda a ƙofar gida, bari in tsaya nan.

Ladidi


Dogon Dutsi, 9 ga Fabrairu, 2024

Yasir,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fatan kai ma haka, ko da yake wata biyu ban ga takardarka ba, a grup ma ka ɗauke ƙafa. Na ɗauka jarrabawa ce ta riƙe ka, har ina kare ka in an tambaya.

Shekaranjiya ina kasuwa, na shimfiɗa kayana, sai wani ɗan kabu-kabu ya tsaya kusa da ni yana jiran fasinja, wayarsa a hannu, shi da abokansa suna ƙyalƙyata dariya. Na ji wata mata a cikin wayar tana cewa, "Ga naku, masu wuri." Sai da ta yi dariya na gane ta. Ni ce, Yasir. Muryata ce, ina kwaikwayon kakata, a hannun yaron da ban san ko ɗan wa ba ne. Har wani ɗan kiɗa aka ɗora a ƙarƙashi. Na zauna a kan buhu.

Sa'adatu ta nemo mini manhajar taka a wayar ƙanenta. Na ga dambu, na ga fura. Na ga "Mataki na 7" da alamar a danna a ji. A ƙasa kuma ka rubuta da manyan baƙaƙe: Inna Marwa, Ɗan Kassari. Sunanta da garinta! Me ya rage, ka zana musu hanyar gidan?

Me na yi maka? Na gaya maka ne don kai ɗan gida ne. Ka ci tuwo a tsakar gidan nan, ka hau gawon nan har ka faɗo ka fasa goshi, Inna ce ta goya ka zuwa asibiti. Ban ce maka "kada ka faɗa" ba, gaskiya ne. Ɗan gida ake gaya wa haka? Mu nawa ne muka san abin nan shekara da shekaru, ka taɓa jin ya fito daga bakin wani ko a wurin faɗa?

Jiya mata biyu da suka saba saye a wurina sun zo, ɗaya ta ɗaga curi ta shinshina ta ce, "Wannan an fitar da rabon iskokin, ko sai mun fitar da kanmu?" Suka yi dariya suka wuce. A masallacin unguwarmu wani ya kunna wa Halilu bayan La'asar, ya tambaye shi ko wannan ba muryar iyalinsa ba ce. Halilu ya dawo gida bai ɗaga mini murya ba. Ya zauna, sannan ya ce, "Ni da na rufe ido don in rufa mata asiri." Da duka na ya yi da ya fi mini sauƙi.

Amma duk wannan ba shi ne ya hana ni sukuni ba. Inna ba ta sani ba tukuna. Ba ta da waya, kuma rezo, wato sabis na waya, a Ɗan Kassari sai an hau tudu. Na kira ka sau goma sha ɗaya ba ka ɗauka ba, vokal kuwa na rantse ba zan ƙara yi maka ba. Shi ya sa na biyo ta Mani, na ce ya damƙa maka hannu da hannu. Ka cire shi yau, ba gobe ba. Ka cire muryar, ka cire sunan, ka cire garin, kafin ya kai kunnenta. Ina roƙonka don Allah, don darajar kakanka da ke kwance a ƙasa.

Ladidi


Yamai, 1 ga Maris, 2024

Ladidi,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ina gaida Halilu, in zai amsa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Na ga kiranki duka, kunya ce ta hana ni ɗauka. Takardar nan ma sau huɗu ina farawa ina yagewa.

Na cire shi ranar da Mani ya kawo mini takardarki, kafin ya bar tasha ma. Amma dole in gaya miki gaskiya, cirewar ba ta gyara kome ba. Mu a aikinmu code a buɗe muke ajiye shi, kowa ya ɗauka ya gyara ya ƙara, haka aka koya mana, haka ni ma na koyi duk abin da na iya. Kafin in cire, mutane da yawa sun kwafa. Wanda ke yawo da kiɗa ma ba daga wurina ya fito ba, wani ne ya yanko shi ya yi nasa. Na rubuta wa waɗanda na sani, wasu sun goge, wasu ko amsa ba su ba ni ba.

Maganar suna, wallahi girmamawa na yi niyya. A wurinmu wanda ya ɗauki aikin wani bai saka sunan mai shi ba, ɓarawo ne. Ban so a ce daddawar Inna ta zama ta Yasir ba. Na so duk wanda ya ci ya san akwai wata tsohuwa a Ɗan Kassari da ta fi kowa iyawa.

Kuma ke kika rubuta, takardar tana nan a hannuna: "ka kai wa duniya duka, har Faransa." Na san cikin wasa kika faɗa. Amma na riƙe ta, don ina bukatarta. An yi gasa a makarantarmu a watan Janairu. Da na kunna wa Khalid vokal ɗin ya ce duk manhajar babu abin da ya kai mataki na bakwai rai, shi zai sa alƙalai su tuna da ni. Haka kuwa aka yi, zauren duka ya yi dariya, na zo na ɗaya, an ba ni gurbin staj, wato koyon aiki, na wata shida a wani kamfani. Na yi tunanin in tambaye ki kafin gasar. Ban tambaya ba, don na san za ki ce a'a.

Ban zaci zai bar Yamai ba. A nan abin ban sha'awa ne kawai, al'adar kaka. Na manta yadda zai zama in ya dawo gida.

Ki yafe mini. Ki zage ni yadda kika saba, ki tara mini grup, na cancanta. In Allah ya yarda zan zo da ƙaramar salla in durƙusa wa Inna da kaina.

Taubashinki,
Yasir


Dogon Dutsi, 24 ga Maris, 2024

Zuwa ga Malam Yasir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka barka da shan ruwa, da fatan ibada tana tafiya lafiya. Mutanen gida suna lafiya. Ina taya ka murnar gasar da ka ci, Allah ya sa albarka a staj ɗin.

Takardarka ta iso a makare. Vokal ɗin ya kai Ɗan Kassari tun ƙarshen Fabrairu. 'Yan ci-rani ne suka dawo da shi a wayoyinsu. Mu'awiya, jikan Inna na wajen Baba ƙarami, shi aka kunna wa a dandali, samari suna ce masa jikan mai ciyar da iskoki. Yaron nan bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauki gatari da safe ya sare gawon. Inna tana zaune a bakin ɗaki tana kallo.

Kafin azumi ta aiko a kira ni. Na hau mota, na tanadi kuka, na tanadi rantsuwa, na shirya ta mare ni. Da na shiga ta amsa gaisuwata har ƙarshe, ta tambayi Amira, ta tambayi Halilu. Sannan ta ce, "An ce kina da abin ga wayarki. Sa mini in jiya." Na ce Inna ki yi mini rai. Ta ce, "Gari duka sun jiya, ni ɗai za ki hana?"

Na kunna mata. Ta saurara tun daga tsince gurguzu, tana gyaɗa kai a kan kowane mataki, har ta ce na faɗi na toka daidai. Da aka zo na bakwai ta daina motsi. Ta ji muryarta a bakina, ta ji ni ina sheƙewa da dariya. Da ya ƙare ta ce in maimaita wurin. Na maimaita. Sai ta ce, "Ashe haka nika magana." Can kuma ta ce, "Duk shekarun ga da kika bi ni, dariya kike ta ciki?"

Na ce a'a, wallahi a'a, kuma gaskiya na faɗa. Amma ga muryata a hannunta, me rantsuwata za ta yi? Wannan laifin nawa ne, ba zan ɗora maka shi ba. Ni na mayar da kakata abin dariya don in burge taubashina.

Ba ta kore ni ba. Da na tashi zan shiga madafa in taya ta aiki yadda na saba tun ina ƙarama, sai ta ce in zauna, zan ɓata zanena. Ta sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma a inuwa, wadda ake fiddowa in surukai sun zo. Ta kawo mini ruwa da hannunta, a kofin gilas. Na zauna ina jin ƙarar tukwanenta ta bayan zana. Ni da ta raine ni tun mutuwar uwata, na yini a gidan nan baƙuwa, da yamma ta raka ni har bakin hanya ta ce in gaida mutanen gidana. Sauran gurguzun bana kuwa ta sayar da shi ɗanye. Ta ce ta tsufa da wahalar daddawa.

Na karanta takardarka sau da yawa. Maganar code ɗinku na buɗe na fahimta, maganar suna ma na yarda da kai, ban taɓa saninka da mugunta ba. Da a nan ka tsaya, da yanzu na zage ka na huce. Layi ɗaya ne na kasa haɗiyewa, inda ka ce ba ka tambaye ni ba don ka san zan ce a'a. Ashe ba mantuwa ka yi ba. Ka sani, ka auna ni da Inna a gefe ɗaya, gasa a gefe ɗaya, ka ga wanda ya fi nauyi.

Ka ce in zage ka. Ba zan iya ba. Zagin nan da muke yi, da yarda ake yin sa, ni kuwa tawa ta ƙare. Na yafe maka don Allah, don watan da muke ciki, kuma zumunci yana nan, ba ni zan yanke shi ba. In an yi haihuwa za ka ji, in an yi rasuwa za ka ji.

In ka zo da salla ka biyo ta gidanmu. Ka yi sallama daga ƙofa, Halilu zai fito ya shigo da kai zaure. Zan aiko maka da abinci.

Wassalam,
Ladidi, matar Halilu